SABON TSARIN KIWO DA RABA FARISH: INA MATSAYIN MAJAMI'UN ƘAUYE?

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin majami'u)

   

An roƙe mu mu yi magana a kan sabon tsarin kiwo a ɗarikar Katolika, musamman yadda ake raba dayosis, a yanka sababbin farish, ko a haɗe waɗansu. Farish ita ce gundumar da Bishop yake danƙa wa Fada guda domin ya yi kiwonta. 'Yan'uwanmu na ECWA, Baptis da Angalika, kada ku ce wannan magana ba taku ba ce. Ku ma kuna raba gundumomi, kuma abin da yake samun ƙaramar majami'a a irin wannan lokaci ɗaya ne a ko'ina.

INDA MUKA FITO

A shekarar 1953 aka kafa yankin aikin bishara na Sakkwato, aka ba limaman Dominikan da suka zo daga Amurka. A 1964 ya zama cikakken dayosis, Edward Lawton ne Bishop na farko. Bayansa aka yi Michael Dempsey, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah daga 2011. Duk waɗannan shekaru, Bishop guda ne yake riƙe da ƙasar Sakkwato, Zamfara, Katsina da wani sashe na Kebbi. Daga Sakkwato zuwa Malumfashi ya fi kilomita 300. Dattawan da suke zaune a nan sun san yadda yaro yakan yi baftisma, ya girma, ya kusa aure, bai taɓa ganin Bishop da idonsa ba.

A ranar 16 ga Oktoba 2023, marigayi Fafaroma Francis ya yanke dayosis na Katsina daga Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa ya zama Bishop na farko. Aka keɓe shi a watan Disamba na wannan shekara. Shi ne Bahaushe na farko da ya zama Bishop a ɗarikar Katolika, mun kuwa yi murna ƙwarai. Kafin wannan, an riga an yi haka a makwabtanmu: Kafanchan a 1995, Kano ta zama cikakken dayosis a 1999, Zariya a 2000, Kwantagora a 2020.

Amma 'yan'uwa, yanka dayosis farkon aiki ne kawai. Bayansa ne ake zama a sake duba iyakokin farish, a ce wannan reshe ya koma can, wancan ya tsaya da ƙafarsa, a tura Fada nan, a janye shi daga can. A wannan mataki ne ake tunawa da ƙaramar majami'a, ko a manta da ita.

ABIN DA DOKAR IKILISIYA TA CE

Ya kamata kowane dattijo ya san waɗannan abubuwa daga kundin dokokin Ikilisiya na 1983.

Doka ta 515 ta ba Bishop kaɗai ikon kafa farish, ko rushe ta, ko sake mata iyaka, amma sai ya saurari majalisar limamansa tukuna. Doka ta 537 ta wajabta wa kowace farish ta sami kwamitin kuɗi. Doka ta 536 ta yi maganar majalisar kiwo ta farish, inda 'yan majami'a suke zama tare da Fada su ba da shawara. Doka ta 212 ta nuna cewa masu bi suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su bayyana wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar Ikilisiya. Doka ta 231 kuma ta ce wanda ya ba da kansa ga hidimar Ikilisiya ya cancanci a biya shi abin da zai riƙe iyalinsa.

Bugu da ƙari, a watan Yuli 2020 ofishin Fafaroma mai kula da limamai ya fitar da umarni a kan sabunta farish. Ya gargaɗi Bishop-bishop cewa ƙarancin limamai ko ƙarancin kuɗi na dayosis kaɗai bai isa dalilin rushe farish ba. Dole a duba halin kowace farish ita kaɗai. Ashe ke nan idan dattijo ya tashi cikin ladabi ya yi tambaya, ba taurin kai ya yi ba. Hakkinsa ne.

INDA HAƊARIN YAKE

Na farko, ƙidaya. Mai tsara aiki yana duba takarda ne: mutum nawa ne, baiko nawa ne. Majami'ar gari tana da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, baikonta kuɗi ne, ana rubutawa kowace Lahadi. Majami'ar ƙauye baikonta damin dawa ne, da tiyar masara, da kaza a lokacin godiyar kaka, da ƙwadagon da maza suke yi suna yaɓen ginin coci. Idan ba a rubuta waɗannan ba, a kan takarda sai a ga kamar ba ta kawo kome.

Na biyu, harshe. Mun san wani reshe da aka haɗe da majami'ar gari domin a sauƙaƙa wa Fada tafiya. A can ana sujada da Turanci. Matasa suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, amma tsofaffin mata suka daina, gama ba su jin wa'azin, ba su san waƙoƙin ba, kuɗin mashin kuma ya fi ƙarfinsu. Ba wanda ya kore su. Amma da ɗaya daga cikinsu ta rasu, sai da aka yi ta bincike kafin a gane ko a littafin wace majami'a sunanta yake. Wannan abu ya tsaya mana a rai har yau.

Na uku, rashin tsaro. Ba mu manta ba yadda 'yan bindiga suka shiga gidan limamai a Malumfashi a watan Mayu 2021, suka kashe Fada Alphonsus Bello. Ƙauyuka da yawa sun watse, mutanenmu suna zaman haya a bakin garuruwa. Idan aka yi ƙidaya yau, za a ce babu kowa a reshen, a soke shi. Gobe idan Allah ya kawo lafiya suka koma gonakinsu, wa zai karɓe su? Filin cocin ma, yana hannun wa?

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da suke jin Helenanci sun yi gunaguni domin ana mantawa da gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsawata musu ba. Suka tara jama'a, suka ce su zaɓi mutum bakwai daga cikinsu, aka danƙa musu aikin. Sunayen mutanen nan bakwai duka na Helenanci ne. Wato sabon tsarin farko da Ikilisiya ta yi, ta yi shi ne saboda waɗanda aka manta da su. Ma'aunin da muke roƙo a auna kowane tsari da shi ke nan: tsohuwar da take reshe mafi nisa, Jibin Ubangiji ya matso kusa da ita ne, ko ya ƙara nisa?

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Kowane reshe ya buɗe littafi. A rubuta sunan kowane gida, da waɗanda aka yi wa baftisma, da masu koyon katikisma, da waɗanda suka yi gudun hijira da inda suke zaune yanzu. A rubuta baikon hatsi da ƙimarsa a kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2. A nemi takardar filin coci da ta makabarta. Yawancin filayenmu kyauta ce ta baki daga kakanni. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da shaidar mallakar fili a karkara. A bi ta wurin mai unguwa da dagaci tun masu shaida suna da rai, a kai kwafi ofishin dayosis.

3. A tura wakilin reshe zuwa majalisar farish, wanda zai iya buɗe baki, a kuma roƙa a riƙa fassara abin da ake tattaunawa da Hausa. Kada a manta da mata, gama su ne suka fi cika benci.

4. Kafin a raba farish, a tambaya a fili: littattafan baftisma da na aure za su zauna a ina? Mashin ɗin katikis da bashin gini, na wa ne? Sau nawa Fada zai zo a wata, har da damina?

5. A riƙe malamin katikis da mutunci. Shi ne yake bi da sujada ran Lahadi, ya shirya yara, ya yi jana'iza idan Fada bai samu zuwa ba. Makarantar horar da katikis ta Malumfashi ta yaye da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe bangaskiya a ƙauyukanmu. A 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya a Ikilisiya. Duk tsarin da bai faɗi abin da katikis zai ci ba, bai kammala ba. Mu ma kada mu zuba wa dayosis ido; mu noma masa gona, mu biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta.

KAMMALAWA

Iyayenmu, ba mu zo domin mu yi jayayya da makiyayanmu ba. Nauyin da yake kansu babba ne: limamai kaɗan, hanyoyi da haɗari, aljihu ba nauyi. Suna bukatar addu'armu, suna kuma bukatar gaskiya daga bakinmu tun ba a sa hannu a takarda ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna roƙon kowane dattijo, da ya koma gida, kafin Lahadi biyu su wuce, ya sayi littafi, ya zauna da katikis da shugabar Zumunta, su fara rubuta sunaye. A taro mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai, kowa ya zo da nasa.

Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya komo da waɗanda suka watse gidajensu lafiya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.