RAGE ƘIBA BA TARE DA CUTAR DA JIKI BA

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da zumuntar mata na ikilisiyoyinmu na yankin Yauri, Ngaski da Shanga

 Da aka ce mu yi magana a kan ƙiba sai da muka yi dariya, domin mu ma da aka ba maganar, rigunan da tela ya ɗinka mana shekara biyar da suka wuce sun ƙi shiga. Saboda haka duk abin da za mu faɗa yau, da kanmu muke kafin kowa.

Mu ba likitoci ba ne. Amma mu ake kira da tsakar dare in wani ya faɗi, mu ne kuma muke zuwa gaisuwa asibiti. A 'yan shekarun nan muna yawan tarar da mutanen da ba su kai sittin ba, ɓarin jikinsu ya shanye, ko ciwon suga ya hana gyambon ƙafarsu warkewa. In mun tambaya, sai a ce da ma yana da hawan jini, da ma jikinsa ya yi nauyi. Iyali su sayar da amfanin gona su biya magani, yara su bar makaranta. Abin da ya sa muka yarda mu tsaya gabanku ke nan.

YADDA MUKA KAI NAN

Tsofaffin da ke cikinmu sun tuna zamanin da ba a gama madatsar ruwa ta Kainji ba. An gama ta a 1968, tafki ya cika, tsohon garin Bussa ya nutse, aka kwashe dubban mutane daga gungu-gungu da bakin kogi zuwa sababbin matsugunai. Kakanninmu Gungawa, da Kambari, da Shangawa, da sauransu, da ƙarfin jikinsu suke yin kome. Da filafili suke tuƙa kwalekwale. Da ƙwarya suke ɗebo ruwa su shayar da albasa. Mata su yi surfe, su yi daka, su ɗebo itace, su je kasuwa a ƙafa da kaya a ka. Mai irin wannan aiki in ya ci malmala uku ta tuwon dawa, kafin rana ta faɗi jikinsa ya ƙone ta.

Yau fa? Jirgin ruwa yana da inji, ban ruwa da inji, niƙa da inji, zuwa kasuwar Yawuri a kan babur. Mun gode da wannan sauƙi, ba wanda yake so ya koma daka da asuba. Sai dai aiki ya ragu a jikinmu, kwanon kuwa bai ragu ba. Har ma ya ƙaru da abubuwan da kakanninmu ba su saba da su ba: shinkafar inji fara tas, taliya, burodi, shayi mai sukari, da lemon kwalba. Malamin makaranta, da mai shago, da ma'aikacin ofis, da fasto, muna cin abincin manomi ba mu yi noman ba.

Abin ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da biyu tun 1990. A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima.

WA YA KAMATA YA RAGE?

A nan sai mun yi hattara. A ƙauyukanmu akwai gidajen da abinci ba ya isa, akwai yara masu tamowa. Wannan jawabi ba nasu ba ne. Mace mai ciki kada ta ce za ta rage abinci don ƙiba, mai shayarwa kuma ta fara tambayar ma'aikacin lafiya. Wanda ya ga yana ramewa haka kawai, bai canja ci ba, bai ƙara aiki ba, kada ya yi murna. Ya je a gwada shi, domin tarin fuka, da ciwon suga, da wasu cututtuka sukan fara da haka.

A asibiti suna da lissafinsu. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita wanda aka ninka da kansa. In amsa ta kai 25, nauyi ya wuce kima. In ta kai 30, ƙiba ce mai yawa. Misali, mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80, amsarsa 31 ce. Amma ga wata hanya da kowa zai iya a gida. Ku sami zare ko igiya, ku auna tsawonku daga ƙasa zuwa ka, ku yanke. Ku ninka shi biyu, ku zagaya cikinku da shi, sama kaɗan da cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitse ya taru a ciki. Wannan kitse na tumbi shi ne ya fi tafiya tare da ciwon suga da hawan jini, ko da hannu da ƙafa sirara ne. Maza, wannan gwajin ya fi shafarmu.

WAHALOLIN DA KE GABANMU KULLUM

Ta farko, bakin mutane. A wurinmu in mutum ya yi ƙiba sai a ce ya sami kwanciyar hankali, in amarya ta cika sai a yaba wa miji. In kuwa ya rage, sai a fara tambaya, "Lafiya kuwa?" Tun lokacin da cutar ƙanjamau ta tsorata mutane, ramewa ta zama abin zargi. Wata 'yar'uwa ta faɗa mana cewa ta rage nauyi da ƙyar, gwiwoyinta sun daina ciwo, amma da ta je ganin gida aka zaunar da ita ana tambaya ko mijinta ne yake ƙuntata mata. Ta koma ta ci gaba da ci don a bar maganar. Wannan tunani ne ya sa wasu 'yan mata suke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna kumbura fuska da jiki, suna ɗaga jini da sukari, suna raunana ƙashi.

Ta biyu, kunya. Mu masu ziyarar gidaje mun san wannan sosai. A yini ɗaya mukan shiga gida huɗu ko biyar. Kowane gida sai a kawo lemo, a kawo abinci, uwar gida ta tsaya ta ce, "Baba Fasto, ko loma ɗaya." Ƙin ci kamar raini ne. Haka yake a biki, da suna, da zaman makoki, da Kirsimeti. Karamci abu ne mai kyau, ba ma so ya mutu. Abin da muke roƙo shi ne a yarda cewa ruwan sanyi, ko zoɓo marar sukari da yawa, ko 'yar gyaɗa, su ma karamci ne. Baƙo kuma ya koyi cewa, "Na gode Mama, likita ya hana ni, amma zan tafi da shi gida."

Ta uku, tukunya ɗaya. Ba mai dafa wa mutum ɗaya abinci dabam a gida mai mutum goma. In maigida ya ce miya ba ta da mai, gobe za a ƙara mai. In uwar gida ce take so ta rage, amma ita ce ke cinye ragowar yara don kada a zubar, ba za ta ga canji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai gida duka ya yarda.

Ta huɗu, gaggawa. Ƙibar da ta ɗauki shekara goma tana taruwa, muna so ta tafi a mako biyu. Masu sayar da shayin rage tumbi a kasuwa da ta waya sun san haka. Yawancin irin waɗannan zawo suke sawa ko yawan fitsari. Ruwa ne yake fita, kitse yana nan, ƙoda kuma ta wahala. Ko da abu yana da lambar hukumar NAFDAC, a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a sha. Wasu kuma sukan daina cin abinci gaba ɗaya. In an yi haka tsoka takan zube tare da kitse, jiki ya rage ƙona abinci, yunwa ta ƙaru, bayan 'yan watanni nauyi ya dawo. Azumi yana da nasa dalili, kada mu mai da shi maganin ƙiba. Mai shan maganin suga kuwa kada ya yi dogon azumi sai ya shawarci likita. Saurin da masana lafiya suka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako.

ABIN DA ZA MU IYA DA ABINCINMU

Ba sai mun sayi abincin Turawa ba. Abin da muke bukata yana kasuwarmu.

Mu fara da abin sha, domin nan ne ya fi sauƙi. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana da sukari wajen cokalin shayi 8 zuwa 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ku ga kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini, ba a lissafa na shayi, da koko, da fura ba. Lemon malt da muke ɗauka abin ƙara jini ne, shi ma sukari ne cike. Burkutu da giya ma suna ajiye tumbi.

Sai mai. Giram ɗaya na mai yana ba jiki ƙarfi fiye da ninki biyu na giram ɗaya na garin tuwo. Man gyaɗa da manja ba guba ba ne, yawansu ne matsala. A riƙa aunawa da cokali maimakon a tuttula daga kwalba. Allah ya ba mu kifi, ga karfasa, ga tarwaɗa, ga giwan ruwa, ga warangi. A dafa shi, ko a gasa, ko a yi farfesu, a rage suya.

Sai kwano. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya ƙara miya da ganye a wurin da ta bari. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, kuka da albasarmu duk suna cika ciki ba nauyi. Wake yana riƙe ciki na dogon lokaci. Tuwon dawa da na gero waɗanda ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa ƙosarwa. A ci a hankali, kada a yi nauyin ciki a kwanta.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma yana ɗaga jini. Ma'aunin babba shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Daddawa, da citta, da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano.

Na ƙarshe, tafiya. Shawarar da aka bayar ita ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma a iya magana. Mun san in dattijo mai babur ya fita a ƙafa, kowa zai tsaya ya ce, "Baba, hau mu kai ka." Ku ce kun gode, ku ci gaba. A lokacin zafi a fita da sassafe. Masu ciwon gwiwa su fara da minti 10.

ABIN DA ZAI ƘARFAFA MU

Ba sai mutum ya koma kamar yadda yake a samartaka ba kafin ya ga amfani. A Amurka an yi wani bincike da mutum fiye da 3,000 waɗanda suke dab da kamuwa da ciwon suga, aka buga sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka koya wa gyara ci da tafiyar minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba. Wannan abu ne da mutum zai iya cikin wata shida.

Ku sani za a yi tuntuɓe. Kirsimeti zai zo, bikin 'yarku zai zo, za ku ci fiye da yadda kuka yi niyya. Kashegari ku koma kan hanya, kada ku ce kome ya lalace. Akwai kuma makonnin da sikeli ba zai motsa ba. Ku duba wasu alamu: kuna hawa gangaren bakin ruwa ba haki, barci ya gyaru, zaren ya kusa haɗuwa. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Har ila yau, mu daina yi wa masu ƙiba ba'a. Wasu gado suka yi, wasu haihuwa ce, wasu magani ne ya sa. Wanda aka kunyata yakan ɓuya, ya ƙi zuwa gwaji.

Kafin mu zauna, muna roƙon abu uku. Kowa ya nemi aboki ɗaya da za su riƙa tafiya tare suna tambayar juna. Zumuntar mata su duba abin da ake rabawa a tarurrukanmu, a sa ruwa a gaba, a rage lemo. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kuma su taimaka a riƙa auna jini da nauyi sau ɗaya a wata bayan sujada, kowa ya riƙe littafinsa. Mu ma za mu hau sikelin a gabanku, a rubuta, in mun sake haɗuwa baɗi ku tambaye mu.