Dutsen Basile na Tsibirin Biyoko: Aman Wutar da Ya Lafa

Dutsen Basile shi ne wuri mafi tsawo a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Yana arewacin tsibirin Biyoko, wanda a da ake kira Farnando Fo, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Tsawonsa mita 3,011 ne daga doron teku. Ƙasar Miga da sauran fadamun kogin Haɗejia ba su kai mita 400 ba, kuma abin da ake kira tudu a nan jigawa ce ta rairayi. Wannan kuwa narkakken dutse ne da ya yi ta malalowa daga cikin ƙasa, yana sandarewa, wani kan wani, har ya yi kai.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai jerin duwatsun aman wuta mai tsawon kusan kilomita 1,600 da masana ke kira Layin Kamaru. Ya faro daga cikin teku a tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsife, ya biyo ta Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya nufi arewa, reshensa guda ya ƙare a tsaunukan Biu na jihar Barno. Tafkin Tila da ke kusa da Biu bakin tsohon aman wuta ne da ruwa ya cika. Ke nan dangin Basile suna nan kusa da gida.

Rabon Basile da amai tun 1923. Shi ya sa ake cewa ya lafa, ba a cewa ya mutu, domin shekara ɗari ba komai ba ce a rayuwar dutse. Dutsen Kamaru da ke tsallaken ruwa ya yi amai a 1999 da 2000. A watan Agusta na 1986 kuma iska mai guba ta taso daga tafkin Niyos, a kan wannan layi, ta hallaka mutum fiye da 1,700 cikin dare guda.

Mai hawan Basile yakan ratsa yanayi iri-iri a yini ɗaya, saboda zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000. Daga gindi, bayan birnin Malabo, gonakin koko ne da ayaba, domin ƙasar da aman wuta ya bari baƙa ce mai albarka. Sai kurmi mai duhu. Can sama itatuwa sukan gajarce, gansakuka ta lulluɓe rassansu, hazo ya sauka har mutum bai ganin wanda ke gabansa. Kusa da ƙololuwa daji yakan ƙare, sai ciyawa da iska da sanyi mai shiga ƙashi. Ruwan sama ma abin mamaki ne: garin Ureka a kudancin tsibirin yakan sami fiye da milimita 10,000 a shekara, alhali damina mai kyau a Haɗejia da wuya ta wuce 700.

A kurmin akwai birai iri-iri da wani ɗan tsuntsu da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a saman wannan dutse. A shekarar 2000 aka mai da wurin gandun daji na ƙasa, amma farauta ba ta tsaya ba, kuma titin motar da aka kai har ƙololuwa saboda turakun rediyo da talabijin ya sauƙaƙa wa mafarauta shiga. Doka a takarda ba ta tsare biri.

Hawan dutsen kansa ba ya bukatar igiya ko gwaninta, juriya yake so. Ana bukatar takardar izini, domin akwai shingen jami'an tsaro a hanya, kuma jagora daga cikin Bubi, mutanen asalin tsibirin da ke girmama dutsen, ya fi amfani. Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, kodayake ƙurar hunturun da ke bi ta kan Haɗejia takan isa can ta rufe hangen Dutsen Kamaru. Mai niyyar zuwa ya tanadi takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa da ta sanyi, ya kuma yi sammako, domin kafin azahar hazo yakan rufe ƙololuwa.