Kuɗin Motar Komawa Gida: Jawabi Ga Ƙannenmu Masu Shirin Shiga Jami'a

Shugaban taro, malamanmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da ku ƙannena.

A nan makarantar kwana, ƙararrawa ce ke kiranku cin abinci. A jami'a babu mai kiranka, aljihunka ne kawai. Ni shekarata ta farko, kuɗin da Baba ya ba ni na zango ɗaya, cikin mako biyar na cinye su a wajen mai shayi da mai tsire. Daga nan na shiga tsarin da ɗalibai ke kira "sifili-ɗaya-sifili", wato ci sau ɗaya a wuni. Ana cikin haka aka rufe makaranta, aka ce kowa ya fice cikin kwana guda. Ko kuɗin mota ba ni da shi, sai agogona na sayar a tasha.

Saboda haka, ranar da kuɗi suka iso hannunku, ku fara ware kuɗin motar komawa gida, ku ɓoye. Kada ku ce ba za a rufe ba: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma tun cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Sauran ku raba mako-mako.

Ku taho da garin kwaki, ƙuliƙuli, wake da yaji daga gida. Ku haɗa tukunya ku uku ko huɗu, ku sayi shinkafa da tiya, ba gwangwani-gwangwani ba. Bashin mai kanti kuwa, ku guje shi, domin ranar da kuɗin gida suka zo, shi zai fara tare ku a ƙofa.