Kwas Ɗaya, Shekara Guda: Taswirar Karatun Jami'a a Hannun Ɗalibi

Lacca ga taron ɗalibai, iyaye da malamai na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a wannan yanki ya san karatu da jeri yake tafiya. Almajirin ilimi ba ya ɗauko Risala ranar da ya fara zuwa. Sai ya bi ta Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya taka Iziyya, kafin malam ya ce ya isa. A nahawu ma Ajurumiyya ce ke share wa Alfiyya hanya. Wannan jeri a kan malam yake, kuma malam ya san almajiransa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda zai ja da wanda zai dakatar. Jami'a ma tana da nata jerin, sai dai ɗalibanta dubbai ne, jerin kuma a warwatse yake: wani a kundin hukuma, wani a ɗan littafin sashe, sauran a kan malamin da ke sa hannu a fom ɗin rajista. Batun yau shi ne aikin bincike na shekarar ƙarshe, wanda ɗalibai ke kira furojet, da zai tattara wannan jeri ya zuba shi a sigar da kwamfuta za ta karanta, ta yi lissafi a kai.

Tushen dokokin yana Abuja. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da aka kafa a 1962, ta fitar da mizanin karatu na farko a 1989, ta sabunta shi a 2007 da sunan BMAS. A Disambar 2022, lokacin shugabancin Farfesa Abubakar Rasheed, ta ƙaddamar da sabon kundi mai suna CCMAS, wanda ya kasa karatun jami'a zuwa manyan fannoni 17. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na kowace manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita.

Wanda ya buɗe kundin kimiyyar kwamfuta zai tarar da jadawalin aji ɗaya mai ginshiƙai shida: lambar kwas, sunansa, yawan yunit, matsayinsa na dole ko na zaɓi, awannin lacca, da awannin aikin gwaji. A layin farko ga GST 111, darasin sadarwa da Ingilishi, yunit 2, awa 15 na lacca, awa 45 na aiki. Daga wannan layi kaɗai mai lura zai gane ma'aunin: awa 15 na lacca yunit ɗaya ne, awa 45 na aiki ma yunit ɗaya. Ƙasa kaɗan ga MTH 101, ga COS 101. Ɗalibin digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit 120 kafin ya fita, kuma a zango ɗaya ba ya ɗaukar ƙasa da 15, ba ya wuce 24.

Jadawalin ya yi kyau ga ido, amma a takardar PDF yake, wadda aka yi domin mutum ya karanta. Ba za a iya tambayarta komai ba. Kuma cikin ginshiƙan nan shida babu wanda ya ce wane kwas ne ke tsaye a ƙofar wane. Inda aka gindaya sharaɗi, sai a same shi a cikin bayanin kwas ɗin ko a littafin sashe, a jimla guda da ido ke tsallakewa.

A nan aikin ɗalibin ke farawa, kuma farkonsa aikin haƙuri ne. Zai buɗe jadawali ɗaya na kwasa-kwasai, kowane kwas da layinsa. Zai buɗe na biyu mai ginshiƙai biyu tak, wannan kwas da kwas ɗin da ke gabansa. Na uku zai nuna wane digiri ke amfani da wane kwas, a wane aji, a wane zango. Raba bayanai zuwa jadawalai masu alaƙa da juna dabara ce da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, kuma har yau a kanta yawancin rumbunan bayanai na bankuna da asibitoci suke. Da zarar jadawali na biyu ya cika, manhajar karatu ta zama taswira, kowane kwas ɗigo, kowane sharaɗi kibiya. (Abin sha'awa ne cewa Hausar yau tana kiran tsarin karatu manhaja, tana kiran abin da ake saukewa a waya manhaja. Wannan furojet shi ne mahaɗarsu.)

Me taswirar ke nunawa da takarda ba ta nuna ba? Farfesa Gregory Heileman da ɗalibansa na digirin digirgir a Jami'ar New Mexico ta Amurka sun yi shekaru a kan wannan tambaya, kuma sun fito da ma'aunai biyu da kowane ɗalibin aji huɗu zai iya lissafawa. Na farko ma'aunin toshewa, wato kwas nawa ne za su kulle idan aka faɗi wannan. Na biyu ma'aunin jinkiri, wato tsawon sarƙar da ta fi kowace tsawo cikin waɗanda suka ratsa ta kansa. Sun kuma buɗe dandali kyauta mai suna Curricular Analytics, inda ake ɗora jadawali a ga taswirar nan take.

A sauko da wannan gida. A ɗauka sashe ya ce ba a taɓa COS 202 sai an ci COS 201, kuma kwas ɗin tsarin bayanai na aji uku yana jiran COS 202. Ɗalibai biyu suka faɗi kwas ɗaya-ɗaya. Ta farko ta faɗi kwas na zaɓi wanda babu abin da ya rataya a wuyansa. Za ta sake shi baɗi, ta fita tare da 'yan ajinta. Na biyu ya faɗi COS 201. A takardar sakamako su biyun kariyoba ɗaya gare su, wato kwas ɗaya da za a sake. Amma COS 201 a zangon farko ake koyar da shi, sau ɗaya a shekara, don haka COS 202 ya kulle, na aji uku ya kulle a bayansa. In ya zo sake ɗauka, ga rufin yunit 24 a kansa, dole ya ajiye wani abu, abin da ya ajiye kuma wataƙila shi ma mabuɗin wata ƙofa ne. Haka kwas guda ke cinye shekara guda, da kuɗin makaranta, da kuɗin haya, da buhunan masarar da uba ya kai kasuwa domin a biya su.

Wannan lissafi ya fi nauyi a kan ɗan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa fiye da ɗan birni, kuma kowa a zauren nan ya san dalili. Ranar 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, makarantar da ke shirya waɗanda za su zauna a ajin MTH 101. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka koma zagayawa ta Funtuwa. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun na ciki, har da Funtuwa da Dutsin-Ma, inda jami'ar tarayya take tun 2011. Rajistar kwas kuwa ta intanet ake yi. Ɗalibin da hutu ya riska a Sabuwa sai ya bar gari ya nemi inda sabis yake kafin ya ga ko an buɗe shafin rajista. Kafin a gama farfaɗowa sai yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya zo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da hanya ta hana shi gwaji, ko ya yi rajista a gurguje a shagon kwamfuta, shi ya fi kowa bukatar sanin kwas ɗin da ba a wasa da shi. Mai kula da aji yana iya ƙoƙarinsa, amma mutum ɗaya ne a gaban ɗaruruwa.

Akwai ramuka a hanyar wannan bincike, kuma a cikinsu ilimin yake. Babba shi ne zamani. Tun da aka fara aiki da CCMAS a shekarar karatu ta 2023/2024, jami'a ɗaya ta riƙa tafiyar da manhaja biyu lokaci guda, manyan azuzuwa a tsohuwa, sababbin shiga a sabuwa. Kwas ɗin da jami'o'i da yawa suka sani da CSC 101 ya koma COS 101. Ɗalibin tsohon tsari da ke da kariyoba, wanne zai zauna? Rumbun da bai rubuta shekarar kowace doka ba, bai kuma nuna wane kwas ya gaji wane ba, zai ba shi amsa da ƙarfin gwiwa kuma amsar ta zama kuskure. Ga mai shiga kai tsaye daga aji biyu da difloma ko NCE, wanda ke bukatar aƙalla yunit 90 kafin ya fita. Ga sharaɗi mai "ko", wannan kwas ko wancan, wanda jadawali mai ginshiƙi biyu ba ya ɗauka sai an yi masa ƙari. Wani lokaci ma taswirar kan tona kuskuren da ya daɗe a littafin sashe, inda aka sa kwas da sharaɗinsa a zango ɗaya.

Ba sai ɗalibi ya ƙirƙiro sunayen ginshiƙai daga kansa ba. Schema.org, ƙamus ɗin bayanai da Google, Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, yana da gurbin kwas, da na lambarsa, da na sharuɗɗansa. Turai ta daɗe da gane amfanin ma'auni ɗaya: tsarinta na ECTS, da aka fara a 1989, yana ƙirga shekarar karatu maki 60, shi ya sa ɗalibi kan tashi daga wata ƙasa zuwa wata da karatunsa a hannu. Da ɗalibi ɗaya zai yi taswirar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wata ta yi ta Dutsin-Ma, wani ta Ahmadu Bello a Zariya, wani ta Gusau, duk da sunaye iri ɗaya, da an jera su an ga abin da kowace ta yi da kashi 30 ɗinta. Da an ga ko akwai wadda ta sa farar ƙasar Ƙanƙara a darasin ma'adanai, ko noman auduga da masara na kudancin Katsina a darasin aikin gona. Wannan tambaya ce da iyayen yankin ke da haƙƙin yi, kuma amsarta tana cikin jadawali.

Abin takaici, furojet da yawa a sassan kwamfuta maimaicin juna ne: manhajar kula da asibitin da babu shi, a ɗaure ta da bango mai kauri, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Wannan kuwa kayan aikinsa a fili suke, kundin CCMAS kyauta ne a shafin NUC, littafin sashe yana hannun kowane ɗalibi, kuma tsohuwar kwamfutar cinya ta wadatar. Ba ya bukatar sakamakon kowa ko sunan kowa, tsarin kwasa-kwasai kaɗai yake taɓawa.

Malamin da zai duba irin wannan aiki ya dace ya tsaya a kan abu uku. Shugaban sashe ya duba jadawalin sharuɗɗa layi-layi ya sa hannu, domin kibiya ɗaya da ta karkace za ta ɓatar da aji guda. Bayanin ya fito da Hausa tare da Ingilishi, yadda uba a Yankara zai gane dalilin da ya sa ɗansa ya ƙara shekara. Sannan manhajar ta zauna a cikin waya, ta yi aiki ko babu sabis. Kwasa-kwasan digiri ɗaya ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma jadawalansu duka ba su kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, don haka ɗalibi zai iya tura wa ɗan'uwansa ta Bluetooth a tashar mota.