Kazar Da Ta Dace Da Gidan Ma'aikaci

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Da kwamiti ya nemi in yi magana a kan sana'ar da ma'aikaci zai haɗa da aikin ofis, sai na zaɓi kiwon kaji, domin na yi asara a cikinsa kafin in ci riba. Duk wanda ke karɓar albashi a nan ya san yadda 20 ga wata take.

Na fara ne da kajin nama, wato buroila, guda 100, a tsakiyar bazara. Wanda ya sayar mini bai faɗa mini cewa ba sa jure zafi ba, ni kuma ban tambaya ba. Wata rana na dawo daga ofis na tarar kusan rabinsu sun mutu. Sauran kuma da suka kai sati 8 ban sami mai saye ba, suna ta cin abinci ina ta ranto kuɗi. Na tuna Malaminmu na aikin gona, ga shi nan zaune, da yakan ce mana a tambayi ƙasa kafin a zaɓi iri. Malam, a gafarce ni, ban ji magana ba.

Kaji dai kashi uku ne. Akwai kajin Hausa, masu juriya da kiwon kansu, amma ƙwan da kaza ke yi a shekara bai cika wuce 60 ba, ga jinkirin girma. Akwai kajin gidan gona, na nama daban, na ƙwai daban, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Zariya, ta samar. Mai ƙwai takan yi fiye da 250 a shekara, amma sai da abincin buhu kullum da mai kula da ita dare da rana. Sai na tsakiya, masu ba da ƙwai da nama gaba ɗaya, kuma su nake ba ku shawara a kansu.

Daga cikinsu akwai Noiler, wadda wani kamfani ya samar a Awe ta Jihar Oyo, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta, wadda aka yi wa rajista a 2018. Akwai kuma Kuroiler daga Indiya da Sasso daga Faransa. Idan ana kula da su, macen takan fara ƙwai tana wata 5 zuwa 6, ta yi 150 ko fiye a shekara. Zakara kuwa yakan kai kilo 2 a cikin wata 3 zuwa 4. Suna yawo a tsakar gida, suna cin dusa da tsaba da ragowar tuwo, sai a ƙara musu abincin buhu kaɗan. Zakaru a sayar lokacin Sallah, matan a bar su. Yanzu a gidana yara na cin ƙwai da safe, uwargida kuma na sayar da ragowar.

Amma akwai abubuwa uku da za a kiyaye. Na farko, 'yan tsakinsu na bukatar ɗumi a makonnin farko, don haka mai zuwa ofis gara ya sayi waɗanda aka rena har sati 4 ko 5. Na biyu, rigakafi. Ciwon nan na Niyukasil da ke share akurki lokacin hunturu bai san kazar zamani ba, bai san ta Hausa ba. A nemi likitan dabbobi ya ba su Lasota da na Gumboro a kan lokaci. Na uku, ba su cika yin kwanci ba. Mai son ƙyanƙyasa sai ya sa wa kazar Hausa ƙwan ta kwanta kwana 21, amma 'ya'yan ba lalle su kai iyayensu ba.

Shawarata ita ce a fara da 20, kada a wuce. A sayi littafi a riƙa rubuta duk abin da aka kashe da abin da ya shigo. Wanda ke son gani da idonsa, ƙofata a buɗe take kowace Asabar.