Me Ya Kai Mai Zane Gona?



Yau bari mu leƙa ƙauyen Ikise, kusa da Ijebu Ode a jihar Ogun. Can fitaccen mai fasahar nan Yinka Shonibare ke da gona mai eka 54, inda gidauniyarsa G.A.S. ta gina masauki da tubalin ƙasar wurin. Tun 2022 ake saukar masu zane da masu bincike kan noma, su zauna na 'yan makonni, ana noman rogo da masara a gabansu.

To, me ya haɗa mai zane da fartanya? Ka ga, wanda ya zo ya ɗau hoto ya wuce, kyan wuri kawai zai gani. Amma wanda ya kwana ya tashi da manoma, shi zai san damuwar jinkirin ruwa, ya gane ƙasar da ta gaji. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo. Sai zanensa ya kai wannan labari inda rahoton masana ba ya kaiwa.

Ku fa, wane fili ne ke mutuwa a garinku ba mai ba da labarinsa? Ku faɗa mana.

Sai mako mai zuwa.