Ɗan Jarida da Yunwar 2005 a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Alhazai 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, jama'a masu saurare.

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Kafin watan Yuli na 2005 hatsi ya yi tsadar da talaka bai iya kaiwa a kasuwannin Tasawa da Mayahi, mata suna ta kai 'ya'yansu masu tamowa wurin likitocin Médecins Sans Frontières. A wannan shekara ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar.

Jarrabawar farko da ɗan jarida ya gamu da ita kalma ɗaya ce. Shin ya rubuta "yunwa", ko kuwa "ƙarancin abinci" kamar yadda hukuma ke so? Shugaba Mamadou Tandja ya musanta a watan Agusta cewa ana yunwa. Wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmali ya san abin da kalmar za ta jawo masa, kuma ma'aikatan da ke nan ba su buƙatar a yi musu bayani. Baƙi ma ba su tsira ba, domin a watan Afrilu na 2006 gwamnati ta janye izinin ma'aikatan BBC da suka zo jihar Maraɗi ɗaukar labarin.

Sai dai laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Jaridar da ba ta da kuɗin mai, wakilinta motar wani yake shiga zuwa ƙauye, ko ta prefe ko ta ƙungiyar agaji. Mai mota shi ke zaɓen garin da za a tsaya, kuma da wuya baki ya zagi hannun da ya ba shi goro. Ga kuma hoto. Uwar da ta tako daga wani ƙauyen Mayahi goye da ɗa, an nuna ƙasusuwan yaronta a Turai, taimako ya zo, gaskiya ne. Amma wa ya nemi yardarta?

Ku kuma alhazai, an zarge ku da ɓoye hatsi da tura shi Najeriya. Hatsi ya ƙetare iyaka kam, saboda farashi ya fi kyau can. Amma wanda zai buga sunan mutum a kan ɓoye abinci lokacin yunwa, wajibi ne ya ga sito da idonsa, ya kuma ji ta bakin mai siton kafin jarida ta fita.